Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Bankuna Ke Karɓe Gidajen Alfarma a Bakin Tekun Amurka Idan Farashi Ya Karye

Tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a Amurka ya yi mummunar faɗuwa, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa talakawa kaɗai abin ya ci, attajiran bakin tekun Kalifoniya da Fulorida kuwa sun sha. Ba haka aka yi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan kasuwa, da amsoshinsu.

Me ake nufi idan aka ce banki ya karɓe gida?

Mafi yawan masu sayen gida a Amurka ba sa biya lakadan. Mutum yana ba da kafin alƙalami, banki ya biya sauran, shi kuma ya riƙa biyan bankin wata-wata, galibi tsawon shekara 30, uwar kuɗi da ruwanta. Gidan shi ne jingina. Idan biya ya tsaya, banki yana da ikon sa gidan a gwanjo ya cire kuɗinsa. In ba a sami mai tayawa da kyau ba, gidan ya zama na banki, ya miƙa wa dillali ya nemo masa mai saye.

Ba a rana ɗaya ake yin haka ba. Tun daga Janairun 2014 dokar tarayya ta hana banki fara matakin karɓe gidan da mutum ke zaune a ciki sai bashin ya wuce kwana 120 ba a biya ba.

Ashe masu hannu da shuni ma ana karɓe musu gida?

Ƙwarai kuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A tsakiyar 2010 alƙaluman kamfanin CoreLogic, mai tattara bayanan gidaje, sun nuna cewa fiye da ɗaya cikin bakwai na masu bashin gida da ya haura dala miliyan ɗaya sun daɗe ba su biya ba, alhali a cikin masu ƙaramin bashi kusan ɗaya cikin goma sha biyu ne.

Zama a gidan dala miliyan biyu ba ya nuna mutum yana da dala miliyan biyu. Da yawa daga cikin mazauna wurare irin su Newport Beach da Laguna Beach a Kalifoniya, da Naples da Mayami a Fulorida, suna da samu mai tsoka, amma samun ba tsayayye ba ne: ladan ƙarshen shekara, ribar hannun jari, la'adar dillanci, kwangilar gini. Wasunsu ma a harkar gidajen da rancen gidajen suke cin abinci. Da kasuwa ta tsaya, samunsu da darajar gidansu suka zube a lokaci guda.

Ga kuma wata ɗabi'a da ta yi yawa a shekarun tashin farashi. Duk sanda darajar gida ta ƙaru, sai mai shi ya koma banki ya ƙara cin bashi a kansa, ya gyara madafa, ya biya kuɗin makarantar yara, ya sayi jirgin ruwa ko wani gidan. An sami waɗanda suka sayi gidajensu da arha tun shekarun 1990, waɗanda da sun bar bashin yadda yake da babu abin da zai taɓa su, amma suka rasa gidajen saboda sun riga sun cinye ƙarin darajar tun kafin ta tabbata.

Ai ƙasar bakin teku ba ta ƙaruwa. Ta yaya farashinta zai faɗi?

Wannan ita ce maganar da dillalai suka yi ta nanata wa masu saye, kuma ita ta fi jefa mutane cikin wahala, domin rabinta gaskiya ne. Tabbas ba a ƙera sabuwar gaɓar teku, kuma a Kalifoniya dokokin kare gaɓa suna tsananta wa mai son yin sabon gini. Sai dai ƙarancin abu ba shi kaɗai ke yanke farashi ba. Farashin gida shi ne abin da mai saye na gaba zai iya biya, kuma a kasuwar da kusan kowa da rance yake saye, abin da zai iya biya shi ne abin da banki ya yarda ya ba shi.

Dubi yadda abin ya gudana. Babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwansa zuwa kashi 1 cikin ɗari a 2003, rance ya yi arha, farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo. Daga tsakiyar 2004 ya fara ɗagawa har ya kai kashi 5.25 a tsakiyar 2006, daidai lokacin da farashi ya kai ƙololuwa ya fara juyowa.

Gidajen alfarma kuma suna da wani rauni nasu na daban. Kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, masu sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna, suna da iyaka: a wancan lokacin ba sa sayen bashin da ya haura dala 417,000. Duk wanda ya wuce haka, sai dai banki ya riƙe shi ko ya sayar wa 'yan kasuwar hannun jari. A bazarar 2007 waɗannan 'yan kasuwa suka janye. Manyan rance suka yi tsada, suka yi wuyar samu, bankuna suka koma neman kafin alƙalami mai nauyi da cikakkiyar shaidar samu. A 2008 gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa dala 729,750 a yankuna masu tsada, amma a unguwar da ƙaramin gida ya haura miliyan ɗaya wannan bai kashe ƙishirwa ba. A shekarar ce bankin IndyMac na Kalifoniya ya rushe a watan Yuli, Lehman Brothers da Washington Mutual suka bi baya a watan Satumba.

Akwai kuma sarƙar ciniki. Mai sayen gidan miliyan biyu yawanci sai ya sayar da nasa na miliyan ɗaya, shi kuma mai sayen wancan sai ya sayar da nasa na dubu ɗari biyar. Idan na ƙasa ya kasa sayarwa, na sama ya rasa mai taya masa. A ƙarshe, bisa ma'aunin farashin gidaje na Case-Shiller, farashi a faɗin ƙasar ya sauka da kimanin kashi 27 cikin ɗari, a yankin Mayami ya kusan rabewa biyu, a Los Angeles da San Diego kuma ya sauka da kusan kashi 40. Tekun yana nan inda yake, masu iya saye ne suka ragu.

Me ya sa unguwannin attajirai suka makara wajen faɗuwa?

Domin mai hali yana da abin da zai jinkirta da shi. Rikicin ya fara ne a 2007 a unguwannin cikin ƙasa, wajen masu ƙaramin ƙarfi da aka ba rance mai tsadar ruwa. Na bakin teku kuwa ya ci ajiyarsa, ya sayar da hannun jari, ya sa gidan haya, ko ya janye shi daga kasuwa yana jiran abubuwa su gyaru. Shi ya sa aka yi ta cewa abin ba zai iso nan ba, har zuwa 2009 da 2010 da ajiya ta ƙare.

A irin wannan kasuwa ba farashi ke fara motsi ba, ciniki ne ke fara mutuwa. Gidaje su yi kwantai wata shida, wata tara, shekara. Mai gida ya tsaya kan farashin da maƙwabcinsa ya sayar shekara biyu da suka wuce, mai saye ya taya ƙasa, a watse. Sai ranar da wani da mutuwa, saki ko rashin aiki ya tilasta wa sallamawa ya karya farashi, sannan kowa ya ga inda kasuwa take tun tuni. Duk wanda ke son sanin lafiyar irin wannan unguwa ya dubi yawan gidajen da ke jiran mai saye da tsawon kwanakin da suke yi, kada ya tsaya kan farashin da aka rubuta a talla.

Wane irin rance ne ya fi cutar da masu waɗannan gidaje?

Wanda ake bai wa mutum zaɓin abin da zai biya kowane wata. Bankuna irin su Countrywide, Washington Mutual da World Savings sun raba shi da yawa, musamman a Kalifoniya da Fulorida. Mafi ƙanƙantar biyan da aka yarda da shi bai ma kai kuɗin ruwan watan ba, ragowar sai a ɗora a kan uwar kuɗi. Wato mutum yana biya, bashinsa yana ƙaruwa. Bayan shekara biyar, ko kuma idan bashin ya kai wani ƙa'idadden mataki, sai a sake lissafi, biyan wata ya yi tsalle, wani lokaci ya kusan ninkawa. Akwai kuma rancen da ake biyan ruwa zalla na wasu shekaru, da wanda ba a ma tambayar shaidar albashi.

Dabarar kowa ita ce kafin wa'adi ya cika zai sabunta rancen ko ya sayar da riba. Ga misali don a ga inda dabarar ta karye. Mutum ya sayi gida dala miliyan 1.5, ya ba da dubu 150, ya ci bashin miliyan 1.35. Farashi ya sauka da kashi 30, gidan ya koma miliyan 1.05. Kafin alƙalaminsa ya tafi, kuma ko ya sayar yau, saura dala dubu 300 a wuyansa. Babu bankin da zai sabunta masa rance a kan gidan da bai kai bashinsa ba. A 2010 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu bashin gida a Amurka suna cikin wannan hali, a Fulorida kuwa sun doshi rabi.

Yaya ake bin matakan, kuma wane tsawon lokaci suke ɗauka?

Ya danganta da jiha. A Kalifoniya galibi ba a zuwa kotu. Ana rubuta sanarwar gaza biya a ofishin rajistar gunduma, a jira wata uku, sannan a fitar da sanarwar gwanjo aƙalla kwana 20 kafin ranar. Mai gida yana da damar biyan abin da ya taru ya tsayar da komai har zuwa kwana biyar na aiki kafin gwanjon. A Fulorida kuwa dole banki ya shigar da ƙara alƙali ya yanke hukunci, kuma a lokacin rikicin kotuna sun cika har shari'a tana wuce shekara biyu.

A 2010 kaɗai gidaje kusan miliyan 2.9 ne aka rubuta musu wata takardar karɓewa, bankuna kuma suka karɓe fiye da miliyan ɗaya. Cikin wannan gaggawa aka gano a ƙarshen shekarar cewa ma'aikatan wasu bankuna suna sa hannu a dubban takardun rantsuwa ba tare da sun karanta ba. Wannan ya kai ga sulhun dala biliyan 25 a Fabrairun 2012 tsakanin gwamnatin tarayya, jihohi 49 da manyan bankuna biyar: Bank of America, JPMorgan Chase, Wells Fargo, Citigroup da Ally. Duk wanda aka aiko wa takarda, haƙƙinsa ne ya sa lauya ya duba ta layi-layi.

Idan kuɗin gwanjo bai biya bashin ba, ana bin mutum sauran?

A Kalifoniya, bashin da aka ci don sayen gidan da mutum ke zaune a ciki ba a bin ragowarsa, haka nan bankin da ya yi gwanjo ba ta kotu ba. Amma wanda ya ƙara cin bashi na biyu a kan gidan don wata buƙatarsa, bankin na biyu yana iya bin sa. A Fulorida banki yana iya neman kotu ta ɗora wa mutum ragowar, kuma tun 2013 shekara ɗaya aka ba shi ya nema. Mai dukiya a wani wuri shi ya fi shiga wannan haɗari, domin banki ya san akwai abin kamawa.

Ni ina biyan bashina. Me ya shafe ni da gidan maƙwabci?

Ya shafe ka. Mai ƙiyasta darajar gida yana dogara ne da cinikin da aka yi kwanan nan a kusa. A unguwar alfarma ciniki kaɗan ne, don haka gida biyu ko uku da banki ya sallama da arha sun isa su ja ƙiyasin kowa ƙasa. Ranar da ka zo sayarwa, bankin mai sayen zai ƙi ba da rance sama da ƙiyasin, ciniki ya lalace. Wani bincike da aka yi kan gidajen jihar Massachusetts ya gano cewa gidan da aka karɓe ana sayar da shi ƙasa da darajarsa da kimanin kashi 27, kuma yana rage wa gidajen da ke dab da shi kimanin kashi 1.

A dogayen benayen da kowa ke da sashensa abin ya fi muni. Akwai kuɗin da kowa ke zubawa don gadi, gyara, inshora da na'urar hawa bene. Idan wasu suka daina zubawa, nauyin ya koma kan sauran. A Mayami an ga sababbin benaye rabinsu babu kowa, ƙungiyar masu gida ta rasa kuɗin gyara, bankuna kuma suka ƙi ba da rance ga mai son saye a ciki.

Akwai kuma mutanen da ba a lissafa su: mai gyaran lambu, mai share tafkin wanka, mai aikin gida, kafinta, mai fenti. Su ake fara sallama tun kafin takardar banki ta iso, kuma su ba su da ajiyar da za su jinkirta da ita.

Wace mafita ke gaban wanda ya ga ba zai iya ci gaba da biya ba?

Ya yi magana da banki tun kafin ya tsallake wata na farko. Kunya ce ke kashe mutane a nan, musamman a unguwar da kowa ke kallon motar kowa. Mutum ya ƙi buɗe wasiƙa, ya kwashe kuɗin fanshonsa yana zubawa a gidan da ba zai iya riƙewa ba, ya wayi gari babu gidan babu fanshon. A ganina wannan ita ce asara mafi ciwo, domin a mafi yawan lokuta doka tana kare kuɗin fansho daga masu bin bashi.

Banki yana iya ɗaga biya na wasu watanni, ko ya sauya sharuɗɗan rance. Yana iya yarda a sayar da gidan ƙasa da bashin ya karɓi abin da aka samu, ko mai gida ya miƙa takardun mallaka da hannunsa. A waɗannan biyun na ƙarshe a tabbata an rubuta cewa banki ya yafe ragowar. A kuma tambayi masanin haraji, domin bashin da aka yafe ana iya lissafa shi a matsayin samu. A shekarun rikicin, dokar sassauci ta 2007 ta ɗauke wannan haraji a kan bashin da aka yafe har zuwa dala miliyan 2, amma a kan gidan zama kawai, ban da gidan hutu. Shirin gwamnatin Obama na 2009 na sassauta biya shi ma bai shafi bashin da ya haura dala 729,750 ba, don haka masu manyan gidaje da bankinsu kaɗai suka rage.

Ma'aikatar gidaje ta tarayya tana da masu ba da shawara da ta amince da su, kyauta. Duk wanda ya nemi a biya shi tukuna kafin ya "ceto" gida, ko ya ce a mayar da takardun gida da sunansa na ɗan lokaci, a guje shi.

Wasu suna da halin biya amma suka ajiye makulli suka tafi. Daidai ne?

An yi haka da yawa, kuma masu kuɗi sun fi yi, musamman a kan gida na biyu. Hujjarsu ita ce yarjejeniya ta ce idan ba a biya ba banki ya ɗauki gida, ga shi nan ya ɗauka. Na fahimci lissafin, amma ban yarda cewa magana ta ƙare tsakanin mutum da banki ba. Gidan da ya bari zai ja darajar gidan maƙwabcin da ke ta faman biya. Ga kuma tabo: karɓe gida yana zama a tarihin bashin mutum shekara bakwai, kuma kimanin haka zai jira kafin ya sake samun rancen da Fannie Mae ke tsaya wa.

Sayen gida a gwanjo garaɓasa ce?

Wani lokaci, ga wanda ya san hanya. A wurin gwanjo kuɗi hannu ake biya, galibi ba a shiga a duba gidan, kuma ana sayen sa yadda yake. Harajin gida da ba a biya ba yana bin gidan. Wanda bai binciki rajista ba yana iya sayen gida a gwanjon mai bashi na biyu yana zaton na mai bashi na farko ne, ya tarar da babban bashin yana jiran sa. Gidan bakin teku da aka rufe shekara guda kuma iskar gishiri da laima sun riga sun yi masa aiki: tsatsa, ruɓewar katako, funfuna a bango. Ga mai neman wurin zama, ya fi aminci ya jira banki ya karɓa ya sa a hannun dillali, inda za a bar shi ya kawo mai duba gini.

Ɗan haya fa?

Dokar tarayya ta 2009, wadda aka mayar ta dindindin a 2018, ta ba shi aƙalla kwana 90 na sanarwa, kuma galibi yana iya cika wa'adin yarjejeniyarsa, sai fa idan sabon mai gidan da kansa zai zauna a ciki.

Irin wannan na iya sake faruwa yanzu?

Ba da kamar da ta zo a 2008 ba. Bayan dokar gyaran harkar bankuna ta Dodd-Frank ta 2010 dole banki ya tabbatar mutum zai iya biya, masu gidaje da yawa sun ɗaure rancensu a ruwa ƙasa da kashi 3 ko 4 a 2020 da 2021, kuma a kasuwar alfarma masu saye lakadan sun yi yawa. Wannan ya sa karɓe gidaje bai kusanci na wancan lokaci ba, duk da cewa ruwan rancen shekara 30 ya haura kashi 7 a ƙarshen 2022.

Matsin yau daga kuɗin riƙe gida yake zuwa. Guguwar Ian ta ragargaza kudu maso yammacin Fulorida a Satumban 2022, inshora ta yi tsada, kuma a garuruwa irin su Cape Coral da Punta Gorda farashi ya ja baya daga ƙololuwar da ya kai. Inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya ba ta biyan fiye da dala 250,000 a kan gini, abin da bai kai ko'ina ba ga gidan miliyoyi. A Kalifoniya kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin masu inshorar gida a Mayun 2023, sannan gobarar Janairun 2025 ta cinye dubban gidaje a Pacific Palisades da Malibu. Bayan wani dogon bene a garin Surfside, kusa da Mayami, ya rufta a Yunin 2021 ya kashe mutum 98, Fulorida ta wajabta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama da tara kuɗin gyaransu, sai ga masu sassa, da yawansu 'yan fansho, an aiko musu da lissafin dubban daloli a lokaci guda.

Banki ba ya ba da rance a kan gidan da babu inshora. Don haka duk mai niyyar saye a bakin teku yanzu ya fara samo farashin inshorar iska, ambaliya da gobara a rubuce, ya karanta rahoton binciken ginin da asusun ƙungiyar masu gida, kafin ya taya.